Gyare Ba Ya Ba da Saƙo Sai Ya Gaisa

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu ji ta, in ƙarya ce mu kore ta.

Kura ce ta addabi awaki. Sai Bunsuru ya jera 'yan gyare tun daga bakin daji har garke. Muryar kowanne ba ta wuce maƙwabcinsa, don haka wanda ya hangi Kura zai gaya wa na kusa, shi kuma ya miƙa gaba.

Ran nan na bakin daji ya ƙwala ihu: "Baba, Kura!"

Tsohon gyaren da ke kusa ya ce, "Kai, ni sa'anka ne? Ko sallama babu?"

Dole ya durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali. Haka saƙo ya yi ta jan ƙafa, kowa sai an gaishe shi, har da ta'aziyyar wata fara da ta rasu bara.

Na ƙarshe ya leƙa garke. "Salamu alaikum, Alhaji Bunsuru, an wuni lafiya?"

Kura ce ta amsa, tana sakace da ƙashin Alhajin. "Lafiya lau. Me ke tafe da kai?"

"Dama cewa aka yi kina hanya."

"Madalla. Ka gaida mutanen gida."

Ƙurunƙus kan ɗan gyare mai ladabi!