Hannun Sodangi

Akwai wani makaɗin noma a Danchadi, zamanin Turawa, ana ce masa Sodangi. Kiɗa gadonsa ne, amma koyarwa ce ta yi masa suna. Duk yaron da aka kawo masa, ba ya barinsa ya taɓa ganga sai ya yi damina guda riƙe da hauya, don ya san ciwon ƙugu, ya san lokacin da ake sassauta wa manomi kiɗa.

Cikin waɗanda ya koyar babu kamar Na'Allah. Hannunsa da zafi, muryarsa ana jin ta daga fadama. Sodangi ya koya masa taken kowane manomi na ƙasar, har abin da bai koya wa ɗan cikinsa ba.

Wata shekara da rani aka kawo aikin hanyar mota tsakanin Bodinga da Shagari. Aikin tilas ne. Aka kwashi maza gari-gari, suna fasa marmara, suna jidar ƙasa a kwanduna. Helman da ke kan aikin, wato shugaban leburori, yana son Bature ya yabe shi, sai ya aika a kira Sodangi ya kaɗa wa leburori.

Sodangi ya je tare da Na'Allah. Bai jima da farawa ba ya lura cewa duk wanda ya kasa bin saurin gangarsa, bulala ce ke sauka a bayansa. Ya sassauta. Helma ya daka masa tsawa, ya ce ya ƙara sauri. Sai Sodangi ya sauke gangar, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, mutanen ga sun gaji. Ban iya kaɗa musu bulala."

Kafin helma ya yi magana, Na'Allah ya matso. Ya ce tsufa ne ya kama maigidansa, shi zai iya. Ya ɗauki gangar ya rataya.

Helma ya sa aka danne hannun daman Sodangi a kan dutse, aka sauke masa ƙotar diga. Sodangi yana jin ƙasusuwansa suna karyewa, yana kuma jin Na'Allah ya ɗaga kiɗa don kada a ji kukansa.

Daga nan Na'Allah ya samu riga, ya samu doki. Ya yi wa maigidansa zambo, yara suka ɗauka suna rerawa har ƙofar gidan tsohon. A bakin aiki kuwa kiɗa bai taɓa sassautawa ba. Wani saurayi ɗan Dingyadi mai suna Isa ya faɗi da kwando a ka, aka yi ta dukansa don ya tashi, ashe rai ya riga ya fita.

Yatsun Sodangi suka warke a murɗe. Matarsa Hajjo ce ke ɗaura masa zariya. Duk da haka ya koma zaure, yana faɗin kiɗa da baki, yana bugawa da hagu a gwiwa. A hankali yaran da yake koyarwa, waɗanda suka watse, suka dawo.

Da hanya ta ƙare, helma ya tafi ko sallama bai yi wa Na'Allah ba. Ruwa ya sauka, aka kira gayya a Dingyadi, Na'Allah ya zo da gangarsa. Yana bugawa, manoma suka ajiye hauyoyi ɗaya bayan ɗaya. Suka tuɓe taguwoyinsu, suka juya masa baya, kowane baya da tabon bulala. A Kajiji ma haka aka yi masa.

Na'Allah ya zo zauren Sodangi ya zube. "Baba, ka gafarce ni."

Tsohon ya dube shi, ya ce:

"Hannuna na yafe maka tuni. Amma bayan mutane ba nawa ba na. Tahi ka bi su gida-gida, ka fara da uwar Isa."

Na'Allah bai iya ba. Ya saci jiki ya bar ƙasar, ba a sake jin gangarsa ba, ba kuma wanda ya neme shi. Sodangi kuwa, bayan rasuwarsa, makaɗan da ya koyar suka cika garuruwan nan, kuma ba sa fara kiɗan gayya sai sun ambaci sunansa sun roƙa masa rahama.

Darasi: Baiwar da aka koya maka amana ce. Idan ka mayar da ita makami a hannun azzalumi, zai gama da kai ya tafi, ya bar ka da mutanen da ka cuta. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.