Yadda Birnin Tabawa Ya Sami Sunansa

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, Allah shi ne mafi sani, cewa an yi wani sarki a ƙasar Gabarawa ana ce masa Barmo. Birninsa, wanda shi ma Gabarawa ake kiransa, yana bakin kogi ne can ƙarshen ƙasa. Da damina ruwa ya ci unguwanni, da rani abokan gaba su ƙetaro su yi ɓarna, talakan da ke ɗaya gefen ƙasar kuwa kafin ya kawo ƙara fada ya manta abin da aka yi masa. Sai Sarki ya ƙudura zai ta da fadarsa ya mai da ita tsakiyar ƙasa, a wani fili da ba wata zuriya da za ta ce na kakanta ne.

Aka gina ganuwa, aka gina fada da masallaci. Malamai suka duba littattafai suka zaɓo suna, Darul Izza, aka yi shela. Sarki ya ɗauke wa fatake kuɗin fito, saboda haka ayari ya riƙa kwararowa, masu gishiri da kanwa daga arewa, masu goro daga kudu, masu fatu da baƙin rini daga ko'ina. Kasuwa ta cika ta batse. Amma fa sunan nan na malamai a bakin malamai ya tsaya. Kowa, daga mai tallan fura har dogarin ƙofa in ya ga ba idon manya, Zango yake ce wa birnin. Abin ya yi wa Sarki ciwo, don zango wurin da matafiyi ke sauka ne ya huta ya wuce. Ya kafa doka cewa duk wanda aka ji ya ce Zango a tsare shi, a ƙwace dabbobinsa. Sarakuna dai haka suke, in zazzaɓi ya shigo gari sai su hana rawar ɗari.

An ce a cikin fataken birnin akwai wani dattijo, Madugu Cindo, wanda ya tsufa a kan hanya. Yana da mata ɗaya, Tabawa, da suka yi ta yawon fatauci tare tun suna da ƙuruciya, ita ke dafa wa ayari. Sai ciwo ya kwantar da ita, jiki ya yi nauyi. Al'adar mutanen wurin kuwa, duk wanda aka ga alamar ba zai tashi ba sai a ɗora shi a kan raƙumi a mai da shi Gabarawa, don ya cika a gida a binne shi kusa da iyayensa. Madugu ya sa aka shirya raƙumi, ya leƙa kasuwa sallama. Wani mai goro ya ce, "Madugu, ina zuwa haka ana tsakar ciniki?"

Ya ce, "Tsohuwata zan kai gida. Ina tsoron kada ajali ya riske ta a Zango."

Ashe akwai dogari a bayansa. Aka tasa ƙeyarsa zuwa fada, raƙumin na durƙushe a ƙofar gida, Tabawa na kwance tana jira. Dabbobin da za a ƙwace ba su dame shi ba, tsoronsa kada ta cika yana tsare.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya dube shi ya ce, "Kai dattijo, na gina ganuwa, na haƙa rijiyoyi, na yafe muku fito. Me na rage da har yau kuke ce wa birnina Zango? In ka gaya mini dalili na gamsu, ka tafi da dabbobinka. In kuwa ka kasa, ka zauna a hannun dogarai sai ka tuna."

Madugu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, in an ba ni izini zan ba da wani labari da na ji daga ubana."

Sarki ya ce, "An ba ka."

Ya ce, "An yi wasu madugai biyu da ke bin hanya ɗaya. Na farko yakan sauka a wata rijiya mai ruwan daɗi, inda hanyoyi suka haɗu. Can ake ciniki, can ake samun riba. Na biyu wata shekara ƙanensa ya faɗi ciwo a wani faƙo da ba kowa, ya cika, ya binne shi nan. Da shekara ta kewayo ya kasa wuce wurin, ya sauka ya yi addu'a. Rana ta dame shi, sai ya dasa tsamiya. Tsamiya na son ruwa, sai ya haƙa rijiya. Ya bar wani bawansa ya riƙa ba ta ruwa, bawan ya yi aure, matarsa ta fara dama fura tana sayar wa masu wucewa. Ranka ya daɗe, na bi hanyar nan da ƙafata. Faƙon nan yau gari ne mai masallacin Juma'a. Rijiyar farko kuwa har gobe ana ciniki a bakinta, amma in ayari ya tashi ba abin da ke saura sai toka da kashin jakuna."

Waziri ya ce, "To, ina wannan ya haɗu da tambayar Sarki?"

Madugu ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara, a aika a kewaya birnin nan a nemo maƙabarta. Babu. Wanda ya ji jiki, a kai shi Gabarawa. Wanda ajali ya yi wa sauri, a rufe shi a gefen hanya kamar baƙo. Ribar da muke samu a nan, can muke gina soraye da ita, nan kuwa zana muke kafawa. Ba wanda ya dasa itace, don ba wanda ke sa ran jikansa zai sha inuwa. Mutum ba ya ce wa wuri gida sai yana da wani nasa a cikin ƙasar wurin." Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Kuma in an yi mini aikin gafara, kowa ya san an keɓe wa Sarki wuri a Gabarawa kusa da kakanninsa. In mai gari kansa na shirin komawa, me talaka zai ce?"

Dogarai suka zabura, Sarki ya ɗaga musu hannu. Maganar ta same shi inda ba ya zato. Can ya ce, "Ka yi gaskiya, kuma ba ta yi mini daɗi ba." Ya umarci Waziri a yanki fili gabas da masallaci a kewaye shi, ya ce a shaida wa jama'a nan za a sa shi in tasa ta zo. Ya soke dokar, ya sa wa Madugu alkyabba, ya naɗa shi Sarkin Kasuwa, ya ce, "Je ka kai iyalinka gida, ka dawo ka kama aiki."

Madugu ya fito da sauri irin wanda tsufa ya bar masa. Ya tarar da Tabawa da sauran numfashi, ya yi hamdala, ya ba ta labari duka, ya ce, "Tashi a ɗora ki, raƙumi na jira."

Ta ce, "Maigida, in ka kai ni ka dawo nan ke nan?"

Ya ce, "Sarki ya ɗaure ni da rawani, ba ni da ta cewa."

Ta ce, "Kai kuma in taka ta zo, ina za a sa ka?"

Ya ce, "Bayan abin da na faɗa a gaban fada, da wane ido zan ce a kai ni Gabarawa?"

Ta ce, "To, a kwance wa raƙumin nan kaya. Iyayena suna da masu yi musu addu'a a can. Ni ban taɓa barinka ka sauka wani wuri kai kaɗai ba, ba kuwa yau zan fara ba. Ka sa ni inda za ka riƙa bi in za ka kasuwa."

Madugu ya fita ya kwance igiyoyin da hannunsa, yana kuka bai ɓoye ba.

An ruwaito cewa ita aka fara sawa a filin nan, ta riga Sarki. Da mutane suka ga Sarkin Kasuwa kullum yana ratsewa ya tsaya a kanta, sai wani ya kawo mahaifinsa, wata ta bar ɗanta a binne shi nan. Zana ta riƙa faɗuwa, ginin ƙasa na tashi. Unguwar da ta kewaye maƙabartar aka fara ce mata Wajen Tabawa, sunan ya yi ta yaɗo har ya rufe birnin duka. Darul Izza ya rage a hatimin Sarki, Zango kuwa aka manta da shi ba tare da an doki kowa ba. Da aka kai wa Sarki Barmo labari, ya ce a bar su, wannan sunan su suka saye shi da mamatansu.

Masu hikima suka ce sarki na iya gina ganuwa ya yi shela, amma gari da sunansa na waɗanda suka yarda su kwanta a cikinsa ne. Iyakar abin da littafin ya kawo ke nan. Allah ya sa mu cika da imani, ya ba mu makwanci a kan hanyar waɗanda ke son mu.