Ranar da Aka Kira Sunan Layinmu

Alhaji Boukari mutumin Maraɗi ne, dattijo mai hannun kyauta, amma girman kai ya yi masa katutu. Shawarar na ƙasa da shi ba ta shiga kunnensa ko kaɗan. Yana da shagon nama da kayan miya a wani tsohon layi kusa da tsakiyar birnin Greensboro a Amurka, inda mu 'yan Nijar muka kama shagunan haya. Shi ya fara zuwa, don haka komai ya taso sai a ce a tambayi Alhaji.

Ana nan sai labari ya ɓullo cewa za a gina filin wasan besbol a unguwar, wani kamfani kuma zai kewaye shi da otal-otal da gidaje masu tsada. Layinmu na cikin waɗanda za a rushe. Majalisar birni ta sa ranar sauraron jama'a, duk mai ƙorafi ya zo ya faɗa.

Ramlatou mai kitso, wadda da shagonta take ciyar da 'ya'yanta marayu, ta same shi ta durƙusa.

"Baba, mu je mitin ɗin nan gaba ɗayanmu. A ƙasar nan in ba ka tashi ka yi magana ba, sai a ɗauka ka yarda."

Alhaji ya ja tsaki. "Ke yaushe kika zo Amurka? Ni da furfurata in tsaya gaban jama'a ina kai kuka? Babba a keɓe ake samunsa, a gaisa, a kashe magana. Kada wanda ya je ya ɓata min shiri!"

Ya sa babbar riga, ya ɗauki kilishi mai kyau, ya tafi ofishin Nathan, wakilin kamfanin. Nathan ya tarbe shi da fara'a, ya ci kilishi yana santi, ya ce za su duba lamarin. A gida Nijar, babban da ya ci kyautarka ya faɗi haka ya ɗauki alkawari ke nan. A nan kuwa, kalmar sallamar baƙo ce kawai. Alhaji ya dawo yana baza riga, yana cewa, "Na gama da patron, babban nasu, ku je ku yi barcinku."

Ranar taro masu shagunan layin bayanmu, 'yan Meksiko da 'yan Biyetnam, suka cika zauren. Wasu Turancin ma da ƙyar yake fita, amma suka yi magana. Majalisa ta gindaya wa kamfanin sharaɗin ba su wuri a sabon ginin. Da aka kira sunan layinmu, shiru. Ba ko mutum ɗaya! Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kafin shekara ta zagayo katafila ta shafe layin. Alhaji ya koma wurin Nathan, aka ce an mayar da shi wani gari. Tassiou tela ya sayar da kekunansa. Ramlatou ta koma wankin bayi a otal, yaranta na kwana su kaɗai a gida. Shi kansa Alhaji, da ciwon gwiwarsa, ya kama ɗaukar kwalaye a wani sito a titin Wendover.

Wata Juma'a suka haɗu da Ramlatou a ƙofar masallaci. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, hannayenta duk sun tsage saboda sinadarin wanki.

"Ramlatou, haƙuri za a yi, ƙaddara ce," in ji shi.

"Na yi haƙuri, Baba. Amma da ka bar mu mun je, ko an rushe, da zan iya ce wa yarana na yi magana."

Ta tashi ta bar shi nan tsaye.

Darasin da ke ciki shi ne, shekaru ba sa sa mutum ya san komai, kuma kowace ƙasa da yadda ake neman haƙƙi a cikinta. Wanda jama'a suka ɗora wa amana ya saurari ƙarami, ya tambayi abin da bai sani ba. Girman kan shugaba ba shi kaɗai yake kayarwa ba, har da marasa ƙarfin da suka dogara da shi.