Dusar Iya Ikilima

A unguwar Takur da ke Dutse an yi wata dattijuwa, Iya Ikilima. Mace ce mai kirki, amma tana da hali guda: muddin ta ji an ce abu kyauta ne, to zama ya ƙare mata. Ko tuwo take tuƙawa sai ta ajiye muciya ta yafa mayafi ta fita.

A lokacin tana kiwon wani farin rago. Lauratu, matar ɗanta Maharazu, tana da ciki, Iya kuwa ta riga ta faɗa a gaban dangi cewa kada ya sayi ragon suna, ita za ta bayar. Abincin ragon dusa ce. Duk hatsin da ta kai surfe injin Malam Idirisu, ta biya, ya haɗo mata da dusarta. Haka ake yi tun kafin Dutse ta zama babban birnin jiha.

Da gari ya cika da ma'aikata, ƙungiyar masu inji ta daina yanke farashi, kowa ya yi nasa. Sai wani matashi, Sagiru, ya kafa sabon inji, ya yi shela cewa surfe kyauta ne, illa dai dusa tasa ce. Iya ba ta ma tsaya jin ƙarshen maganar ba. Maƙwabciyarta Indo ta tambaye ta abin da ragon zai ci, ta ce ai dusa ba abin wuya ba ce, kowane gida akwai.

Da ita kaɗai ta tafi, da sauƙi. Ina! Gida-gida ta riƙa bi tana zuga mata, tana cewa Malam Idirisu ya daɗe yana cutarsu. Bawan Allah ya rage farashi, ya sake ragewa, har kuɗin mai ya gagare shi. Wata uku bai cika ba ya kwance injinsa ya bar unguwar.

Satin da ya tashi, Sagiru ya sa wa surfe kuɗi. Dusar ma bai sake ta ba, sai dai ka saya da kwano, da tsada. Iya ta tashi hankalinta. Yau tana Yalwawa, gobe tana wata unguwar, da ƙwarya a ka, amma duk masu inji sun kwaikwayi Sagiru. Gidajen da take sa ran samu kuwa ita ce ta kwashe musu dusar da bakinta. Ga rani, ba ciyawa. Kunya ta hana ta gaya wa ɗanta, sai ta mai da ragon bayan ɗaki tana ba shi busasshen kara. Wallahi abin tausayi, haƙarƙarinsa har ƙirguwa yake.

Lauratu ta haihu. Ana gobe suna Maharazu ya zo da liman su ga rago. Aka jawo shi, ya yi taku biyu ya durƙushe. Liman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Iya, ki yi haƙuri, wannan ba na yanka ba ne.”

Dole Maharazu ya sayar da keken da yake zuwa aiki, suka nufi kasuwa shi da uwar. Suka zagaya kara, wato kasuwar dabbobi, raguna masu kyau duk a turke ɗaya suke, mai su kuma Sagiru ne. Ya gaishe ta da ladabi, ya zaɓo mata ƙosasshe, yana shafa bayansa.

“Wannan ba ki da haufi a kansa, Iya,” in ji shi. “Da dusarki na kiwata shi.”

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya ce zai yi maka aiki kyauta, ka tsaya ka duba abin da yake riƙewa a wurinsa. Kuma kada kwaɗayin sauƙin yau ya sa ka taya wani korar abokin gasarsa, domin ranar da ya rage shi kaɗai, abin da ya ga dama za ka biya.