Masu Maki Sittin Cif

A ofishin ɗaukar ɗalibai na wata makarantar koyon aikin jinya akwai wani ma'aikaci da ake kira Yanzu-yanzu. Ya iya kwamfuta, wannan ba musu. Matsalarsa gaggawa. Kafin ka rufe baki ya danna, kuma duba aiki sau biyu a wurinsa ɓata lokaci ne.

Da sakamakon jarrabawar shiga ya fito, shugabar makarantar ta leƙo ta ce, "Ka tace mini duk wanda ya samu maki sittin zuwa sama. Su za mu tura wa saƙon an ɗauke su kafin a tashi."

Ya buɗe rumbun bayanai, ya je gurbin maki. Zaɓi biyu ne a jere: "ya fi", sai "ya kai ko ya fi". Ya danna na farko don shi ya fara gani, ya rubuta sittin, sunaye suka zubo. Ya tura wa shugaba ya koma hira.

To, 'yar yayarsa tana cikin waɗanda suka zauna jarrabawar. Da yayar ta bugo waya, ya duba bai ga sunan ba.

"Yaya, sai haƙuri, ba ta ci ba. Kwamfuta ba ta san dangi ba."

Da rana sai ga Yaya a ofis, yarinyar na biye da ita, idanu sun kumbura.

"Ni ba alfarma na zo nema ba," in ji Yaya. "Faɗa mini nawa ta samu, in san abin da zan gaya wa babanta."

Ya rubuta sunan. Sittin cif! Sittin bai fi sittin ba, don haka injin ya zubar da ita, kamar yadda aka umarce shi. Ya canja zaɓin, sai ga sunaye sun ƙaru, duk masu sittin.

Ya ruga ofishin shugaba har yana tuntuɓe. "Ranki ya daɗe, a dakata da saƙon nan!"

Ta kalle shi ta saman tabarau. "Ikon Allah. Yau kai ke cewa a dakata?"

Allah ya taimake shi, ba a tura ba. Aka gyara, sannan aka aika. Wayar yarinyar ta yi ƙara a baranda, ta karanta, ta rungume uwarta tana kuka tana dariya. Yaya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Wallahi ba don gemun nan naka ba, da na ja kunnenka a gaban mutane."

Shi bai yi dariya ba. Sauran yaran yake tunani, waɗanda ba su da kawu a ofis balle a tambaya musu.

Darasin da ke ciki shi ne, inji abin da ka danna yake bi, ba abin da kake nufi ba. Idan za ka tace bayanai, tsaya ka tambayi kanka: wanda ya tsaya daidai kan iyaka, yana ciki ko yana waje? Ka gwada da shi kafin ka miƙa aiki, domin kowane layi da ka zubar, ɗan wani ne.