Sai Godiyar Malam Tanimu

To jama'a, ku gyara zama, yau na zo muku da abin musu.

A shekarun da ƙasashen duniya suka yi alkawarin rage talauci, wata ƙungiya ta tura ma'aikatanta ƙauyen Tsaunin Gamji su rubuta gidajen da yunwa ta kama, don a ba su iri da awaki. Suka iso ƙofar Malam Tanimu, wanda fari ya ƙone gonarsa shekara biyu a jere, har iyalinsa goma sha ɗaya suka koma kwaɗon rama ba ƙuli. Shi kuwa mutum ne da ya gwammace a binne shi da a ji asirinsa a waje. Ya zura rigarsa ta Juma'a ya fito.

"Malam, yaya gida?"

"Alhamdu lillahi, sai godiya."

'Yan boko, Allah sarki, suka ɗauki gaisuwa a matsayin amsa. Suka rubuta "mai wadata", suka wuce. Malam ya koma ciki, ya dubi jikokinsa, hawaye ya zubo masa.

Maƙwabciyarsa Tasalla ce ta fara lura cewa kwana tara ke nan ba ta ji ƙarar turmi ta bayan katanga ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum sai ta aika da ƙwaryar gero, wai a taya ta surfe, a riƙe rabi. Da wannan suka rayu wata biyu.

Ladidi mai man gyaɗa ta gano zancen, ta taka da ƙafarta har ofishin ƙungiyar a birni. Kwana uku tana zaman benci kafin shugabansu ya saurare ta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu ko gawa ka gaisar, sai godiya za ta ce maka!" Ya yi dariya, ya ji kunya, ya sa sunan Malam cikin waɗanda za a bai wa taimako.

Amma da awaki suka iso, Malam ya kafe, shi ba ya karɓar sadaka. Nan Kande, shugabar matan garin, ta tuna duk yankin babu wanda ya kai shi iya auren mangwaro, wato ɗaura reshen iri mai kyau a jikin wata bishiyar. Ta kwaso mata ashirin suka durƙusa a zaurensa. "Baba, koyo muka zo. Awakin nan ladan malami ne." Ya gyara murya, ya ɗauko wuƙarsa.

Shekara huɗu, zo ku ga Tsaunin Gamji! Motoci na layin ɗaukar mangwaro, awakin Malam sun cika garke, babu gidan da ake kwana da yunwa. Malam ya yi ƙiba, yana tafe yana gaisawa da ƙarfi, farin ciki kamar ya tashi sama.

Sai aka haifa masa jika mace, ya ce lallai zai yi wa ɗaya daga cikin matan nan uku takwara. Ba don Tasalla ba, da taimako ya tarar da kaburbura. Ba don Ladidi ba, da ba a aiko shi ba sam. Ba don Kande ba, da taimakon ya koma inda ya fito. Gobe suna, rago na ɗaure, liman na jira.

To, sunan wa za a raɗa wa yarinyar?