Rabin Buhun Taki a Kujerar Tarakta

Akwai wani bakanike mai gyaran injinan gona, mutum mai sanyin magana, wanda ake kira Yatsa-takwas. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu bel ɗin injin casa ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, kuma daga ranar bai sake raina ƙarfe ba.

Mijin yayarsa babban manomi ne. Da ya sayi sabuwar tarakta ja, sai hularsa ta karkace, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa. Irin mutanen nan ne da idan Allah ya ba su inuwa, sai su ɗauka su suka dasa bishiyar.

Wata safiya ya aika aka kira Yatsa-takwas zuwa rumfar da ake ajiye taraktar. Ya tarar da Auta, ɗan yayarsa mai shekara tara, zaune a kan kujerar direba, ƙafafunsa suna lilo, ko kusa da birki ba su kai ba.

Manomin ya ce, "Kai, Yatsa-takwas, injin nan yana raina mini ɗa. In na hau ya tashi, in Auta ya hau ya mutu. Duba mini shi."

Bakaniken ya ɗaga kujerar, ya nuna masa wata 'yar waya a ƙarƙashinta.

Ya ce, "Yaya, lafiyarsa ƙalau. Wannan ita ke jin nauyin direba. Idan babu babban mutum a kai, ko direba ya faɗo, sai ta kashe injin. Auta bai kai nauyin ba."

"To, yanke ta."

"Yaya, ka yi haƙuri, ba zan yanke ba. Waɗanda suka ƙera ta ba shashashai ba ne. Ka bari ƙafarsa ta kai birki, hankalinsa ma ya kai."

Manomin ya tuntsire da dariya, ya juya wajen leburorinsa da ke ɗaura haro, ƙarfen nan mai faya-fayai da ke fasa ƙasa, a bayan taraktar.

"Ku ji mai wa'azi! Mutumin da bai iya tsare yatsunsa ba, shi zai koya mini tsare ɗa? Ɗan maƙwabcina mai shekara goma sha biyar aka ɗauka a waya yana tuƙi, ana ta yabo. Nawa ɗan a shekara tara zai yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Leburori suka yi dariya, irin dariyar wanda yake tsoron a sallame shi. Yatsa-takwas ya sa hannunsa a aljihu. Maganar ta soke shi, amma idonsa yana kan siraran ƙafafun yaron.

Auta ya ce, "Kawu, wai ba zan iya ba?"

"Za ka iya, ɗana. Lokacin ne bai yi ba."

Manomin ya yi tsaki. Shi da ya ɗauki kansa gwanin dabara, sai ya jawo rabin buhun taki, ya aza a kan kujerar, ya ɗaure shi tamau da roba. Ya samo guntun katako, ya ɗaura a kan birki da igiya. Ya ɗora yaron a kan buhun, ya murɗa makulli. Injin ya tashi, bai mutu ba.

Ya ce, "Ka gani? Ga nauyi, ga tsawo, kuma ban biya bakanike ba. Tattara sifanoninka ka tafi."

Yatsa-takwas ya tattara kayansa, amma ƙafarsa ta ƙi kama hanyar gida. Ya tuna ranar da shi ma aka ce masa ai namiji ne, ya miƙa hannu ya gyara bel injin yana aiki. Ya ajiye jakar kayan, ya bi su gona daga nesa.

Manomin ya hango shi, ya ce, "Ungozoma ta biyo mu! Zo ka ga yadda 'ya'yan maza suke."

Ya sa wa taraktar giya, ya diro ya bar yaron a kai, ya sha gaban taraktar riƙe da waya, yana tafiya da baya yana ɗauka.

"Kalli nan, Auta! Yi murmushi! Ɗaga hannu ɗaya!"

Yaron ya saki sitiyari da hannu ɗaya. A daidai lokacin tayar gaba ta hau wata tsohuwar kunya, taraktar ta girgiza. Buhun taki santsi gare shi. Auta ya zame, ya kai ƙafa ga birki, katakon ya juye. Kafin a ce haka, ya faɗo ta gefe, ya mirgina cikin ƙasa, faifan haro ya wuce kusa da kansa da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba.

Da a ce kujerar tana yadda aka ƙera ta, da injin ya mutu nan take. Amma buhun yana nan ɗaure daram, kujera tana jin nauyi, a wurinta direba bai sauka ba.

Manomin ya ɗago kai daga wayar, ya ga kujera babu ɗansa. Ya ja da baya a firgice, dugadugansa suka sarƙe da kunya, ya faɗi rigingine. Tayar gaba ta bi ta kan ƙafarsa ta dama.

Leburorin da suka iya dariya ba su iya komai ba sai salati. Yatsa-takwas ne ya sheƙa, ya kama ƙarfen hawa, ya ɗare, ya murɗe makullin da yatsu ukun da suka rage masa a hannun da aka yi wa ba'a. Babbar tayar baya ta tsaya tana taɓa rigar manomin.

Auta ya tashi da ƙurjewa kawai, amma ya yi makonni ko ƙarar injin niƙa ya ji sai ya ɓuya a bayan uwarsa. Shi kuwa uban, likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, daga ƙarshe suka yanke ƙafar daga gwiwa.

Bayan wata huɗu ya sake aikawa a kira bakaniken. Ya same shi a rumfar nan, dogare da sanda, yana kallon taraktar. Babu leburori, babu dariya. Buhun yana kan kujera har yanzu, don babu wanda ya yarda ya taɓa shi.

Manomin ya ce, "Kawun Auta, kwance mini wannan abin."

Bai taɓa kiran sa da wannan suna ba. Bakaniken ya kwance robar, ya sauke buhun, ya cire igiyar da ke kan birki.

Manomin ya daɗe yana kallon birkin, sannan ya dubi wandonsa da aka naɗe a gwiwa.

A hankali ya ce, "Ka ce a jira ƙafa ta kai. Tasa za ta kai wata rana. Tawa ce ba za ta sake kaiwa ba."

Darasi: Ƙarfe bai san ɗan mai gida ba, kuma duk abin tsaron da aka sa wa inji, jinin wani ne ya sa aka ƙirƙiro shi. Kada ka ɗora ƙaramin yaro a kan tarakta don a yaba maka, kada kuma ka raina gargaɗin wanda ya riga ka jin ciwo. Don Allah ku tura wa kowane uba mai gona, tun kafin a fara huɗar bana.